Yadda Nomau Ya Kai Akawal Fiɗiya

Duk wanda ya taɓa sayen mazarƙwaila a Fadamar Kanya ya san gidan marigayi Malam Dogara, shi ne gida na ƙarshe kafin ka gangara gonakin rake. Ni kuwa ba labari aka ba ni ba. Dangar kara ɗaya ce ta raba gidana da nasu, ko tari aka yi a can sai na ce sannu. Da tsohon ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, da gona, da wani ingarman doki baƙi wuluk da ake kira Akawal. Babban ɗan, Shekarau, mutum ne mai hanzari da saurin fushi. Ƙaramin shi ne Nomau. To, ku fahimce ni da kyau, Nomau ba mahaukaci ba ne. Yana salla a kan lokaci, yana noma kamar mutum biyu, ga matarsa Tabawa wadda Allah Ya ba haƙurin da zai ishi unguwa guda. Ciwonsa ɗaya ne tak: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya jira ka a ƙofar gida, sai ka wuce Makka, to a ƙofar gidan za ka dawo ka same shi.

Shi Akawal, tun yana dukushi Nomau ne ke ba shi dusa da kanwa, shi ke wanke shi a rafi. Da ya girma aikinsa juya injin matse rake, irin na da, wanda ake ɗaura wa doki doguwar sanda ya yi ta zagaye, ruwan rake na zuba. Ana nan sai wani ya kawo injin mai shan mai garin, kowa ya kwashi rakensa ya koma can. Akawal ya zauna a turke ba aikin fari ba na baƙi, sai cin harawa da haniniya. Shekarau ya duba ya ce ba zai iya ciyar da bakin da ba ya kawo komai ba, sayar da shi za a yi. Nomau ya ji maganar nan har cikin ransa, na ga idonsa ya kawo ruwa. Amma abin da ya ce kawai shi ne, "To, Yaya."

Wata rana Shekarau ya kirawo Barau dillali ya zo ya ga doki. Kafin ya iso ya ja Nomau gefe ya ce, "Ka ji ni da kyau. Dokin nan yana da aibi, ni da kai mun sani. Duk abin da aka tambaye ka na aibinsa, kada ka faɗa." Nomau ya ce ya ji. Barau ya zo ya zagaya doki, ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya shafa ƙirjinsa, sannan ya juyo wajen Nomau, don ya san wanda ke kwana da tashi da dabba.

"Yana tuntuɓe?"

"Ko kusa. Bai taɓa ba."

"Yana tsoron ruwa?"

"Ina! Har iyo yake yi."

"Yana harbi?"

Nomau ya dubi yayansa, ya dubi ƙasa. "Wannan Yaya ya ce kada in faɗa."

"Cizo fa?"

"Shi ma yana cikin waɗanda aka hana ni."

"In ya ji warin goɗiya yana tsinke igiya?"

"Malam Barau, don Allah ka koma irin tambayoyin farko, waɗancan sun fi mini sauƙi."

Wallahi ina bayan danga sai da na toshe bakina da hula. Shekarau ya cika ya yi fam. Barau kuwa ya gyara tsayuwa ya ce ai magana ta fito. Masu sayen doki yanzu mutanen birni ne, masu ba da haya a ɗora ango ko a zagaya da yara, su kuwa ba sa son doki mai zafin kai. In ana son kuɗi mai kauri, a fiɗiye shi, wato a cire masa mazantaka. Zai yi sanyi, ya yi ƙiba, tsohuwa ma ta hau shi. In kuwa aka kai shi kara, wato kasuwar dabbobi, a haka, duk wanda ya ga yana tsalle zai karya masa daraja.

Wata rana, da yake abin ya tsaya wa Shekarau a rai, don fiɗiya ba aikin da ake yi a dawo a gyara ba ne, sai ya ce wa ƙanensa, "Yau kasuwa ke ci. Ka je ka ji mana bakin mutane, a fiɗiye ko a bari. Ka tambayi kowa, kada ka tsallake kowa." Shi a nufinsa masu dawaki na cikin kara. Nomau ya fara tun daga bakin kasuwa. Ya tambayi mai facin keke. Ya tambayi masu awon hatsi ɗaya bayan ɗaya. Ya tare wani ɗan sanda ya tambaye shi. Ya durƙusa gaban wata dattijuwa mai fura ya gaishe ta da ladabi ya ce, "Iya, a ganinki a fiɗiye ko a bari?" Ta ɗaga ludayi ta kwaɗa masa a tsakar ka, ta ce ya je ya tambayi uwarsa. Bai yi fushi ba, ya matsa ya tambayi ta kusa da ita. Bai isa kara ba sai da rana ta yi sanyi, masu dawaki sun fara kwance turaku.

Da ya dawo ya zauna ya fara zubo amsoshi a jere, yadda ya karɓo su. Mai faci ya ce shi keke ya sani. Mai barkono ya ce a bari, mai gishiri ya ce a fiɗiye, suka kaure da musu har suka manta da shi. Mahauci ya ce duk yadda aka yi shi dai a tuna da shi. Masu sayar da dawaki sun ce fiɗiyayye ya fi saurin fita. Tsofaffin mahaya kuwa sun tofar da yawu, sun ce su ba su taɓa ɗora sirdi a kan dokin da ba ya haniniya ba. Shekarau ya riƙe kai ya ce, "Ya isa! Ya isa haka! Wannan ƙullutun na kanka fa?" Nomau ya shafa ya ce, "Amsar mai fura ce." Bayan duk wannan wahala Shekarau ya koma kan maganar Barau, ya aika wa Malam Cindo mai fiɗiya ya zo jibi da hantsi.

Wata rana, wato ranar jajibirin zuwan Cindo, Shekarau zai fita ya ce, "Cindo ya ce ba a kayar da doki da cikakken ciki. Daga yanzu har ya zo, kada dokin nan ya sa komai a bakinsa. Komai na ce." Nomau ya kwashe harawar da ke gabansa. Doki ya miƙa wuya ya jawo ta kan rumfa, Nomau ya hau ya sauke ta duka ya kai ƙofar gida ya jibge. Doki ya juya ya kama bunun rumbu, Nomau ya yaye bunun ya bar hatsi a fili. Doki ya waiwaya ya fara gaigayar danga. To, nan ne abin ya zo kaina. Na dawo daga gona ke nan, na shiga bayan dangata da bokiti, na saɓe jiki da sabulu har ido. Sai na ji iska tana kaɗa ni ta inda ba ta saba ba. Na buɗe ido ɗaya, sai ga Nomau rungume da dangar nan yana tafiya da ita, ga Akawal ya ƙura mini ido, ga matan da suka zo daka a gidansu sun saki taɓare suna salati.

"Nomau! Kai Nomau! Wane irin iskanci ne wannan?"

"Yi haƙuri, maƙwabci, ci zai yi."

"To ni fa?"

"Kai ba zai ci ka ba."

Na durƙushe a bayan bokiti, bokitin kuwa bai kai ya rufa wa kaza asiri ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma har yau matan nan in sun gan ni sai su kama gyaran ɗankwali suna kallon sama. Harawar da aka jibge a waje kuwa awakin gari suka yi walima da ita. Da Cindo ya zo da hantsi, ya tarar da dokin da yunwa ta mai da zaki. Yana ajiye kwanon kayan aikinsa Akawal ya sa ƙafa ya aika kwanon cikin rijiya. Cindo ya ɗauki sandarsa ya ce yau kam ba za a yi ba, sai an gajiyar da shi tukuna.

Wata rana Shekarau ya sake sa rana da Cindo, da la'asar. Tun da safe ya ce wa Nomau, "Ka fita da shi ka yi ta zagayawa da shi har ya gaji liƙis. Kada ka tsaya sai ya gaji." Nomau bai san wani wurin zagaye a duniya ba sai tsohon injin babansu. Ya kai Akawal can, ya share tukar rake, ya ɗaura masa sanda, ya bi bayansa kamar yadda suka saba. Haba! Dokin da ya yi wata da watanni yana kewar aikinsa, ai sai ya ɗaga wutsiya ya kama zagaye da rawar jiki. Tsofaffin unguwa suka ji kukan injin da suka daɗe ba su ji ba, suka fito da 'yan ƙullin rakensu waɗanda mai sabon inji ke rainawa, aka yi ta matsa musu kyauta. Rana ta take. Tabawa ta kawo masa fura ta tsaya a gefe.

"Malam, ka tsaya ka sha ko kurɓi ɗaya ne."

"Bai gaji ba."

"Kai ai ka gaji."

"Ba ni Yaya ya ce ba."

Haka ta riƙa miƙa masa ludayi duk sa'ad da ya zagayo ta gabanta, ya kurɓa ya wuce. Kafin la'asar garin ya fara juya wa Nomau. Ya ga bishiyar kanya ta wuce shi sau biyu a zagaye ɗaya, sai ya tafi luu ya faɗi cikin tuka. Da Cindo da Shekarau suka iso, mutumin da aka dogara da shi ya riƙe kan doki yana kwance yana roƙon a danne masa ƙasa ta daina gudu. Akawal kuwa yana tsaye yana tona ƙasa da kofato, ko gumin kirki bai yi ba. Cindo ya rantse ba zai ƙara taka gidan Dogara ba. In ana so, a kai masa dokin gidansa a hayin rafi, can yana da turaku da ƙarti masu kayarwa. Amma ya ja kunne: a kawo shi cikin lumana, don dokin da aka fiɗiye da tafasasshen jini zubar jini yake yi har ya mutu.

Wata rana, ranar da aka yanke ba fashi, Nomau ya tashi ya wanke Akawal tas, ya taje masa geza, ya ba shi ɗan guntun mazarƙwaila a tafin hannu. Ina kallonsu ta sabuwar dangata. Ban ɓoye muku ba, duk haushinsa da nake ji, ran nan tausayinsa ya kama ni. Mutum ne da ya san ina zai kai abin da ya fi so a duniya, ya san me za a yi masa, ya san daga nan sai hannun baƙi, kuma ko sau ɗaya bai ce a'a ba. Shekarau zai riga su zuwa a kan babur don ya tara ƙarti. Ya tsaya ya yi wa ƙanensa dalla-dalla, don ya gaji da abin kunya.

"Ka ji abin da Cindo ya ce. Kada ka ɓata masa rai a hanya. Kada ka ja shi, kada ka doke shi, kada ka daka masa tsawa. In ya tafi ka bi shi, inda ya tsaya ka tsaya. Ka gane?"

"Na gane, Yaya."

Suka kama hanya, ragama a sake. Har bakin rafi lafiya lau. Suna haurawa hanya ta rabu biyu, ta dama ta nufi gidan Cindo, ta hagu ta bi ta cikin gonaki. Akawal ya ɗaga kai ya shaƙi iska, ya murɗe leɓe, ya saki wata haniniya da sai da tsuntsaye suka tashi daga kan rake. Sai ya karya hagu. Nomau ya dubi hanyar Cindo, ya dubi igiyar hannunsa. An ce kada ya ja. Ya bi doki. Doki ya ƙara sauri, Nomau ya ƙara. Doki ya fara sassarfa, Nomau ya cire takalma ya riƙe a hannu. Suka ratsa gonar rogo, suka tsallake kwalbati, suka faɗa wani garke a bayan wata 'yar unguwa, inda aka ɗaure goɗiyoyi a inuwar mangwaro. Akwai wata ja a cikinsu, ita ce ta amsa haniniyar. Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba, duk wanda ya tashi a ƙauye ya sani. Nomau dai ya saki igiya, ya juya baya don kunya, ya tsaya ƙyam.

Mai garken wani tsoho ne, Malam Anaruwa, wanda ya gaji kiwon goɗiyoyi daga iyaye. Ya fito da sanda yana faɗa. "Wane marar mutunci ne ya shigo mini da doki ba sallama?" Nomau ya durƙusa ya ce, "Salamu alaikum, Baba. Nan ya tsaya." Tsoho ya ɗaga sanda, sai idonsa ya sauka a kan Akawal. Sandar ta sauko a hankali. Ya zagaya shi, ya dubi faɗin ƙirji, ya dubi ƙafafu, ya dubi yadda wuya ya tanƙwaro. Ashe tun da nasa ingarman ya mutu yake neman wanda zai yi wa goɗiyoyinsa barbara. Tun zuwan injuna, masu rake suka yi ta sayar da dawakinsu, waɗanda suka rage duk an fiɗiye su don kasuwar birni. Damina ta wuce, wata ta wuce, garkensa ba ɗan dukushi ko ɗaya.

"Yaro, ina za ka da wannan doki?"

"Gidan Malam Cindo, Baba. Fiɗiye shi za a yi."

"Wa? Wannan?" Tsoho ya dafe ƙirji. "Inna lillahi! Yaushe?"

"Yanzu. Jira nake ya tashi."

Can gidan Cindo kuwa an gaji da jira, wuƙa ta sha washi har ta gaji. Shekarau ya bi sawun kofato, Cindo na biye da shi, suka iso garken yana huci. "Nomau! Kashe ni kake so ka yi? Nan ne gidan Cindo?" Nomau ya ce, "Ka ce inda ya tsaya in tsaya." Shekarau ya buɗe baki zai zazzaga masa, Malam Anaruwa ya riƙe masa hannu ya zaunar da shi a tabarma. Ya ce shi ba zai iya sayen doki irin wannan ba, kuma ba ya so a sayar wa kowa. Su bar shi a turkensa yadda Allah Ya halicce shi. Harawarsa da dusarsa ta shekara a wuyan shi tsohon. Duk goɗiyar da ta nema zai aika a kawo shi, kuma ya san masu goɗiyoyi har ƙasar Katsina da ke cikin irin halinsa, kowannensu da ladansa zai zo. Ita kuma jar nan, in Allah Ya sauke ta lafiya, dukushin na gidan Dogara ne.

Shekarau ya kama lissafi a zuci. Mutum ne mai fushi, amma ba wawa ba ne. Barau sau ɗaya zai kawo mai saye, a tafa, shi ke nan an rabu da doki har abada. Wannan kuwa kowace shekara ce. Ya dubi wuƙar da ke leƙowa daga jakar Cindo, ya ga ashe saura ƙiris ya tafka asara. Cindo ya ga inda aka dosa, ya saɓa jakarsa ya ce dama shi tun ranar kwano ya san dokin nan ba rabonsa ba ne.

Shekarau ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ɗauki ragamar daga ƙasa ya sa a hannun ƙanensa. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Mai da shi gida. Ba za a fiɗiye shi ba, ba kuma za a sayar ba. Naka ne, ka ci gaba da kiwonsa."

Nomau bai motsa ba. Shekarau ya ce, "Ba ka ji ba ne?" Kowa ya yi mamaki, don tun da aka haifi Nomau ba a taɓa faɗa masa magana sau biyu ba. Yana tsaye riƙe da igiya, takalma a ɗaya hannun, hawaye na bin gemunsa.

"Na ji, Yaya," in ji shi. "Don Allah dai sake faɗa."